Muryar Baturiya a Kaura

Talata, 8 ga Fabrairu 2000, bayan La'asar

Sun tafi da maigidana, Baban Asiya. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zuciyata za ta yarda.

Ina makaranta ina fama da 'yan aji shida aka zo. Da na taso, maƙwabciya ta tare ni a bakin lungu ta ce, "Malama Kubra, sai haƙuri, 'yan agaji sun tahi da Jatau ohis ɗin kwamitin Shari'a." Na ce a kan me? Mutumin da tun ranar da aka ce a rufe gidajen kallo ya danna wa nasa kwaɗo, har bencinan ya kwashe ya ba masallacin unguwa? Ta ce ita dai ta ji ana ambaton wani kaset da aka kama a kasuwar Shinkafi, wai shi Mai Laima.

Da ta faɗi sunan na gane inda maganar ta dosa.

Laraba, da hantsi

Ban je makaranta ba. Na aika cewa mura ta kama ni.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Mai Laima tsohon fim ne na Ingila, baƙi da fari, ba rawa ba waƙa. Baba Sodangi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke bayan tasha, shi ya kawo mana shi. Mutanen Kaura ne suka raɗa masa sunan, saboda ɗan sandan ciki da ke yawo da laima daga farko har ƙarshe. An kashe mutum a tashar jirgi cikin ruwan sama, aka kama wani bawan Allah mai ɗaga wa jirgi tuta. Mace ɗaya ce ta ga wanda ya yi kisan, ta tagar wani ɗaki da bai kamata a gan ta a ciki ba. In ta yi magana mai tuta ya kuɓuta, sunanta kuma ya ɓaci. Shi ma mai tutar ya san ta gani, amma ya ƙi ambatonta.

Masu kallo ba su jin Turancin, sai maigidan ya haɗa bidiyo biyu da makirfo a ɗaki ya ɗora Hausa a kai. Shi ne mai tuta, shi ne alƙali, in ya zo kan Mai Laima ya toshe hanci. Da ya kai kan matar ya siranta murya, ran da aka nuna gidan kallo ya kece da dariya a daidai inda ya kamata a yi kuka. Ya dawo ransa a ɓace. Ni kuma da shegen bakina na ce, "Kai da ba ka iya ba, ba ni nan."

Ya ba ni.

Alhamis, bayan Azahar

Na kai abinci. Ba a bari na gan shi ba. Shugaban kwamitin, Malam Nasidi, ya fito da kansa ya gaishe ni da mutunci, don a zauren Baba mahaifina ya yi karatu, da ƙurucciya ni nake miƙa masa fura. Ya ce, "Ɗiyar Malam, ki kwantar da hankalinki. Mijinki ba shi muka nema ba, muryatai kowa ya san ta. Mu dai ya hwaɗa muna wace ce macen. Matar wa, ɗiyar wa ta zauna tana ce ma ƙato tana sonai, maza na saurare? Yau ya hwaɗi, yau ya kwana gida. In ya ƙiya, sai gaban alƙali, kuma kin san bulala a bainar jama'a aka yin ta."

Na gyaɗa kai kawai. Na nuna maƙogwarona, na yi tari. Ya ce Allah ya sawwaƙe.

Langar ta dawo da saƙo a bakin mai gadi: wai in ji maigidan, miyar ta yi daɗi, kuma in yi shiru in kula da Asiya.

Juma'a

Ban je gidan Baba ba.

Lahadi, 13 ga wata, da yamma

Wai maigidan ya ce musu daga Kano aka kawo kaset ɗin da muryar macen a ciki. Kai, namiji! Ƙaryar ma bai iya ba. Wace Bakanuwa ce za ta ce "mi kaka so da ni" ko "wanga dare"? Ni ce na yi kuskuren, kuma da gangan na yi shi. Na so Baturiyar ta yi magana kamar 'yar gida don abin ya shiga zuciya, sai na sake baki na yi Hausar da uwata ta shayar da ni. A lokacin har yaba kaina nake yi. Ga shi yanzu duk wanda ya saurara ya san tsakanin Kaura da Zurmi aka haifi mai maganar.

Malam Nasidi dariya aka ce ya yi, ya ce Jatau ya sake tunani.

Litinin, bayan Azahar

Na koma makaranta. A allo nake rubuta komai, in yara sun yi tambaya in amsa da raɗa. Wani malami ya ɗago kai da na ce "ina kwana", nan take gabana ya faɗi, ashe alli yake nema. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Na sayi ƙanƙara na sha don muryar ta dishe da gaske. Ta ƙi. Ko tari ɗaya na kirki ban samu ba.

Laraba, bayan La'asar

Baba Sodangi ya zo da sandarsa, ya zauna a ƙofar gida yana ba ni haƙuri, wai shi ya jawo. Na ce ya bar wannan maganar. Tsoho kuwa ya samu mai sauraro, sai ya shiga labari. A kulob ɗin ma'aikatan jirgi ya fara ganin fim ɗin tun zamanin Turawa, a jikin farin ƙyalle. Wani Bature injiniya ya gaya masa cewa da ya fito jaridunsu zaginsa suka yi, wai duhu ya yi yawa, ba wanda ke murmushi a ciki, kuma ya kunyata ƙasarsu da nuna ana hukunta marar laifi. Bayan shekaru jaridun nan dai suka dawo suna cewa ba a taɓa yin kamarsa ba.

Na ce, "To Baba, mutanenmu fa?"

Ya ce, "Mutanen Shinkahi sun ce ba dambe ba rawa, gara Indiya. Na Kaura Mai Laima suka so, sun ce ya iya bincike. Ni ko tun ina saurayi matar ta tsaya min a rai. Wurin nan na ƙarshe, da anka rataye mai tuta da sahe, tana tsaye bakin bangon gidan yari ruwa na dukanta, ba ta ce uffan ba. Shekaru nawa ina son in ce mata, yi magana mana, ɗiyar nan!"

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Ban san ko ya sani ba. Na shiga gida na ce tukunya na ƙonewa, alhali ko wuta ban hura ba.

Alhamis

Na kai abinci. Saƙon bai sake ba: in yi shiru.

Ban je gidan Baba ba.

Asabar, 19 ga wata, da hantsi

Madina ƙanwata ta zo daga Zurmi ba sanarwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Yaya, kin haukace ne?"

Na ce da raɗa, "Mi ya faru?"

"Bar min wagga murar ƙarya. Kaset ɗin ya kai Zurmi. A gidan uwar mijina anka sa shi, mata cike da ɗaki. Baturiyar na buɗe baki na ji kamar ke ce kika kirana in ɗauko miki tsintsiya. Na tashi na ce cikina ka ciwo."

Na zauna a bakin gado. Na tambaye ta ko wani ya gane. Ta ce ba ta sani ba, su dai matan kuka suka sha, daga baya gardama ta kaure. Wasu sun ce matar munafuka ce, ta bar namiji ya mutu don ta tsira da farin mayafi. Wasu sun ce duk wadda ta zage ta ba ta san abin da ake kira sunan mace ba, in ya zube ba ya kwasuwa. Uwar mijinta ta ce ita ba ruwanta da Baturiya, amma wadda ta yi muryar ta san ciwon abin.

Na ce, "Ke fa, wane ɓangare kike?"

Ta ce, "Ni ɓangaren Baba nike. Tsoho ne, Yaya, ba ya gani, mutuncinai kaɗai ya rage mai. Ki rufa mai asiri."

Kowa dai shiru yake so in yi. Ban taɓa samun umarnin da miji da dangi suka haɗu a kansa kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin wanda ya fi shi ɗaci ba.

Talata, da yamma

Rediyo ba ta da labari sai na tashin hankalin Kaduna. Gari ya yi tsit, kowa ransa a dagule. An ce kwamiti ba zai ƙara jan maganar ba, kada a ce suna wasa da aiki.

Asiya ta tambaye ni ko babanta zai dawo kafin a sayo ragon layya. Na ce ta ci tuwonta.

Laraba, bayan Azahar

Yau an bari na gan shi ta taga. Ya rame, farar fatar nan tasa ta yi duhu, ga gemu ya tsiro masa barkatai. Shi da ba ya iya rufe baki minti ɗaya, sai murmushi yake yi min irin na marar lafiya. Na buɗe baki ya ɗaga hannu.

"Murar ba ta sake ki ba ko? To kada ki wahal da maƙogwaro."

Mai gadi na tsaye a wurin. Na ce da raɗa, "Bulala fa."

Ya ce, "Baya ne, zai warke."

Na so in shaƙe shi, wallahi. Wa ya ce masa ina son gwarzo? Shi ya haddace maganar mai tuta tun da ya yi muryarsa, yanzu ya ɗauka shi ne. Na dawo gida ina kuka ina zaginsa a zuci, ina kuma sonsa kamar raina zai fita.

Alhamis, 24 ga wata

An sami dabara. Malam Nasidi ya ce akwai mutum ɗaya a Kaura da ba ya ɓatan muryar mace in dai a garin nan ta tashi, shi ne Na'ibi, wato Baba. Gaskiyarsa ce. Tun kafin idon Baba ya tafi 'yan matan gari a zaurensa suke biya allo, da idon ya tafi kuma kunnen ya gaje shi. Mace mai jikoki za ta gaishe shi a hanya, ya kira sunanta da na ubanta, har ya tuna mata surar da ta sha dukan tsumagiya a kanta.

Ranar Talata za su kai talabijin da janareto zauren Baba, a kunna masa.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Baba bai taɓa ƙarya ba. Ina ƙarama wani basarake ya roƙe shi ya ce bai ga abin da ya gani ba a rikicin gona, Baba ya ce harshen ba nasa ba ne, aro aka ba shi.

Asabar

Ban je gidan Baba ba. Na ɗauki mayafi har sau biyu.

Lahadi, bayan La'asar

Na yi ta juya abin kamar waina. In Baba ya ce bai san muryar ba, ya yi ƙaryar farko a rayuwarsa da furfura a gemu, saboda ni, kuma a kai maigidan gaban alƙali. In ya ce ya sani, da bakinsa zai tona ɗiyarsa a gaban almajiransa. Wace ɗiya ce ke ajiye ubanta a irin wannan wuri?

Abin da ke ba ni haushi, lokacin da nake ɗora muryar nan na fi kowa tsinar matar. A wurin bangon gidan yari ba ta da magana, sai numfashi kawai, na yi numfashin na ajiye makirfo na ce wa maigidan, "Allah wadaran wagga mata, ni da tuni na hwasa ihu." Ya yi dariya ya ce ai ni ko ba a tambaye ni ba ina faɗi. Ga ni yau, mako na uku ina raɗa.

Tsoro nake ji. Ina tsoron idon mata a gidan biki, ina tsoron a ce wa Asiya ɗiyar mai muryar gidan kallo, ina tsoron Baba ya kira sunana da irin muryar da yake kiran baƙo.

Litinin

Na wanke kayan Asiya duka, har waɗanda ba su yi datti ba.

Talata, 29 ga wata, bayan Magariba

Dole in rubuta wannan.

Na tafi gidanmu tun Azahar ta ƙofar baya, na zauna a cikin gida. Bayan La'asar na ji janareto ya tashi. Na taso na tsaya a bayan asabarin da ya raba zaure da tsakar gida, inda nake laɓewa ina yarinya in saurari karatun manya. Ta tsakanin karan na hango su: Baba a kan buzunsa da carbi, Malam Nasidi da mutanensa, Baba Sodangi a rakuɓe, maigidan a durƙushe kusa da ƙofa.

Malam Nasidi ya so ya tura kaset ɗin kai tsaye zuwa wurin matar. Baba ya ce a'a, ba a yanke wa magana hukunci daga tsakiyarta, a faro daga farko. Haka suka zauna, jirgi na kuka, ruwa na zuba, maigidan na magana ta hanci. Har wani ɗan agaji ya yi dariya ya haɗiye ta. Baba ya tambaya, "Wanga mai tuta, shi ya yi kisan?" Aka ce a'a. Ya ce, "To."

Sai ta buɗe baki. Na ji kaina ina cewa, "Mi kaka so da ni? In na yi magana na mutu, in na yi shiru ka mutu." Carbin Baba ya tsaya. Bai ɗago kai ba, bai motsa ba, yatsunsa ne kawai suka daina tafiya. Aka bar ta ta yi ta zuba har inda take ce wa mai tuta tana sonsa, sannan Malam Nasidi ya kashe.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ka san ta?"

Na ga Baba ya jiƙa leɓe zai yi magana. Ban san me zai ce ba, kuma har abada ba na son in sani.

Na ce, "Assalamu alaikum."

Da cikakkiyar muryata na faɗa, wadda nake tsawata wa 'yan aji shida da ita. Maigidan ya dafe kai da hannu biyu. Malam Nasidi ya dubi talabijin, ya dubi asabari, bakinsa a buɗe.

Baba ya ce, "Nasidi, an yi sallama. Amsawa wajibi ne."

Ya amsa da ƙyar. Na ce ni ce, ba wanda ya tilasta ni, ni na karɓi makirfo da hannuna. Baba ya ce, "Kun ji. A gidan ga anka yi tarbiyyarta. Ku yi hukuncinku, kada ku dubi rawanina." Daga nan bai ƙara cewa komai ba, ko da na durƙusa na yi masa sai da safe.

Laraba, da hantsi

An saki maigidan. An ƙone kaset ɗin a ƙofar ofis, an yi mana nasiha mai zafi ni da shi. Hedimasta ya aiko cewa in huta a gida tukuna, iyayen yara na magana.

Maigidan ya ci tuwo ya ƙoshi, sannan ya ce, "Zaman banza kika sa na yi ke nan." Na ce eh, ya kai ƙara. Ya juya baya yana share ido, wai yaji ne.

Alhamis

Na je ɗibar ruwa, mata suka yi shiru har na cika bokiti. Madina ba ta aiko ba. Daga gidan Baba ma ba kowa.

Asabar, 4 ga Maris, bayan La'asar

Baba ya aiko in zo.

Na same shi shi kaɗai a zaure. Na durƙusa nesa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya ce abin da na yi a gidan kallo bai ji daɗinsa ba, kuma ba zai ce ya ji ba don in samu sanyi. Na ce na sani, Baba. Ya ce jiya bai iya tsayawa a sahun gaba ba, a baya ya yi salla. Nan hawaye suka ƙwace min.

Ya bar ni na yi mai isata. Can ya gyara zama ya ce, "Kubura, matso. Sun kashe abin ga ban ji ƙarshe ba, kuma sun ƙone shi. Kwana nawa yana hana ni sakewa. Mai tutar nan, ya kuɓuta?"

Na matsa kusa da buzun na ba shi labarin tun daga inda aka tsaya, yadda Mai Laima ya yi ta bin matar yana roƙonta, yadda alƙali ya yanke hukunci, da safiyar da aka rataye shi tana tsaye a bakin bango ruwa na dukanta.

Ya ce, "Ba ta ce komi ba?"

Na ce, "Ko kalma ɗaya, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya lalubo kaina da tafin hannunsa, ya bar shi a wurin.

Ya ce, "Allah sarki. Ita ba ta yi sallama ba ke nan."